Kocinmu na iyo ya rasu, me ya kamata mu ɗalibansa mu yi masa?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya yi wa Baba Koci rasuwa ranar Talatar da ta wuce bayan 'yar jinya, an yi masa sallah bayan la'asar aka kai shi Dandolo. Ba zan rubuta sunansa na yanka ba tunda ban nemi izinin iyalansa ba, amma duk wanda ya koyi iyo a garin nan daga shekarun 1990 zuwa yanzu ya san wa nake nufi, dattijon nan siriri mai usur a wuya da tawul a kafaɗa, mai tsohon Jincheng ɗin da sai an tura yake tashi. Wlh jama'ar da na gani a maƙabarta ta ba ni mamaki, ga 'yan kasuwar Kwari da na Singa, ga sojoji, ga masu adaidaita, kowa ka taɓa sai yace ai shi ya koya min ruwa.

Wanda bai san shi ba, shi Baba ba ya jefa yaro a ruwa yace ya ƙwaci kansa irin yadda yayyenmu suke mana a kududdufi. Ranar farko a wajen da ruwa yake iya ƙirji za ka tsaya, ka tsoma fuska kana busa kumfa ta hanci, ka ɗago ka shaƙi iska ta baki, ka sake, har sai ya ga ka daina zabura. Sannan ya kwantar da kai rigingine ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin ƙeyarka ya kama janka da hira, me ka ci da safe, ajinka nawa, wa ya ci wasan Pillars, kai kana ta zuba kana ba shi amsa ashe tuntuni ya zare hannun, sai ka ji muryarsa daga can gefe yana cewa to malam wa yake riƙe da kai yanzu? Daga ranar tsoron ruwa ya fita daga ranka. Kuma yaran unguwa da ba su da kuɗin shiga shi yake roƙa musu alfarma a wajen masu ful ɗin, wato wurin iyo na otal, a bar su da sassafe ranar Asabar kafin baƙin otal su tashi.

To ga abin da ya kawo ni. Bayan addu'ar uku mun tsaya a ƙofar gidan mu tsofaffin ɗalibansa, aka buɗe guruf a WhatsApp, kuma tun daren ranar ake ta ja-in-ja. Wasu sun ce a sa gasar iyo duk shekara da kofi mai sunansa. Wasu sun ce a tara kuɗi a miƙa wa iyali kawai, kowa ya kama gabansa. Wasu kuma rijiyar burtsatse suke so a haƙa a unguwarsu ladan ya je masa. Ni na rasa inda zan tsaya, shi ya sa na kawo nan tunda na san akwai manya da malamai. Dan Allah a ba mu shawara, me ya fi dacewa?

Tsohon ɗan ninkaya, Fagge:

Allahu Akbar, Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fiye masa nan. Ƙanena ni ina cikin waɗanda suka ce a sa kofi kuma ba zan ɓoye ba. Ku kun same shi ne ya tsufa yana lallaɓa yara, mu da muka same shi da ƙarfinsa mun san wani mutum daban. Asalinsa ɗan masunta ne daga wajajen Wudil, da gora ya fara iyo a kogi tun bai san akwai wani abu wai shi ful ba, daga baya ne ya koyi na gasa kuma ya iya duka huɗun, firistayil da na rigingine da na kwaɗo da na malam-buɗe-littafi wanda yake karya kafaɗar ƙato. Shi ya riƙa kwasarmu a bas zuwa kudu, mu je mu tarar da yaran Delta da Bayelsa da Ribas waɗanda tun suna goye suke cikin ruwa, mu kuma mun yi atisaye a ɗan ful ɗin otal da in ka yi hannu kaɗan ka taɓa bango. Ranar da na fara tsayawa a bakin ful mai mita 50 sai da cikina ya kaɗa, na ce Koci wannan ai kogi ne, yace to ka ga kada a ciki? Shiga.

Akwai labarin da yake yawan ba mu na Eric Moussambani ɗan Equatorial Guinea a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, shi ma a ful ɗin otal ya koya, aka kori abokan karawarsa biyu saboda sun yi riga malam masallaci sun faɗa ruwa kafin a ba da alamar farawa, ya yi mita 100 shi kaɗai a minti 1 da sakan 52, dab da ƙarshe har kamar zai nutse amma ya kai bango. Duniya ta yi ta dariya, Baba kuwa cewa yake wannan ɗan'uwanmu ne, ku dai ku kai bango.

Abin da yake min ciwo garin nan in ba ƙwallo ka buga ba ba a san ka yi wasa ba. Pillars ta ci kofin ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, yaro ƙarami zai lissafo maka 'yan wasan, amma tambaye shi ɗan ninkaya ɗaya daga Kano ka ga ikon Allah. Dubi Ramat Cup da ake yi don tunawa da Janar Murtala, yaran da aka haifa shekaru da yawa bayan 1976 suna jin sunan saboda kofin. In ba mu sa wani abu mai sunan Baba ba nan da shekara biyar an manta da shi, wannan shi ne ra'ayina.

Malamin Islamiyya, Mandawari:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari. Ɗana kafin kofi da rijiya akwai abin da ban ji kowa ya ambata ba, wato bashi. Ku tura mutum biyu masu hankali a cikinku su zauna da babban ɗansa ko ƙaninsa a keɓe, ba a gaban 'yan zaman makoki ba, su tambaya ko ana binsa wani abu, kuɗin asibiti ne ko na haya ko na mai kanti. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da yara kyauta da wuya a ce bai bar ɗan wani nauyi ba, kuma mamaci ya fi buƙatar a sauke masa wannan a kan a rubuta sunansa a jikin ƙarfe. Bayan nan a duba matarsa da take takaba da ƙananan yaran in akwai masu karatu.

Sannan hadisin da ke cikin Sahihu Muslim sananne ne, idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari da yake masa addu'a. Masu cewa rijiya sun kama na farko kuma ba su yi kuskure ba. Amma ni a ganina shi wannan bawan Allah ya riga ya haƙa tasa rijiyar da hannunsa, ilimin nan da ya zuba muku, abin da ya rage kada ku bari ta ƙafe. Mutanenmu suna ɗaukar iyo wasan banza ne na yaran da ba sa jin magana, alhali akwai maganar da ake jinginawa Sayyadina Umar cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki.

Ni malamin yara ne, har yau in na tuna hatsarin Bagwai na ranar 30 ga Nuwamba 2021 sai jikina ya mutu. Jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari ɗauke da mutanen Badau, akasari ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aƙalla rai 29 aka rasa. Kwana ya ƙare ba makawa, wannan haka yake, amma an umarce mu da riƙo da sababi. Ban haramta kofi ba, in an yi shi ba caca ba tsiraici ba laifi, sai dai kofi yara kaɗan da suka riga suka iya yake tarawa, aji kuwa wanda bai iya ba yake nema.

Maman 'yan biyu, Hotoro:

Innalillahi, sai yanzu nake ji wlh, ashe shi ya sa ban ga an kira yara ba wannan satin. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Malam ya gama magana, ni ƙari kawai zan yi a matsayina na uwa, kuma dan Allah yayyena maza kada ku ji haushi, duk lissafin da kuke yi ban ji an ambaci mata ba.

Lokacin da na kai masa mazan nawa sai ya tambaye ni ba ki da 'ya mace ne Hajiya, nace akwai amma ai ka san garinmu, babansu ba zai yarda namiji ya koya mata ba, yace ya yi daidai, ai shi ya sa na koya wa tawa 'yar. Ashe babbar 'yarsa tana da ajin mata zalla a wani gida mai ful a Nasarawa, matar gidan ce ta ba su aron wajen, ba namiji ko ɗaya, maigadi ma waje yake komawa, yara suna shiga da dogon wando da riga mai dogon hannu da hular kai. Haka tawa ta koya, daga baya ni ma da girmana na shiga, kar ku yi dariya. To in za ku ci gaba da aikin Baba ku nemi wannan baiwar Allah, ita ce ta fi ku duka sanin hannunsa, kuma ita ba ta cikin guruf ɗin naku na tabbata.

Abu ɗaya da ya faɗa mana mu iyaye wanda ba na mantawa, yace ku daina jiran ihu. Yaron da ruwa yake ci ba ya iya kiran Umma, bakinsa yana shiga yana fita ne yana neman iska, hannuwa suna dannan ruwa, kai a ɗage baya, kina kallonsa ma za ki ɗauka wasa yake. Yace in yara suna ruwa kika ji shiru to tashi ki duba. Kuma ba sai Tiga ko Bagauda ba, a cikin gida ma, rijiyar da ba murfi, ramin sokawe da magina suka bari a buɗe, tankin ƙasa, har baho da bokitin wanki ga mai rarrafe. Tun daga ranar na sa aka yi wa rijiyarmu murfin ƙarfe da kwaɗo, kuma ba a kwana da ruwa a baho a gidana. Wannan ba ya buƙatar kofi ko ful, a wajen walima ko taron suna ma za a iya faɗa wa mata.

Ɗan Kurna mai faɗar gaskiya:

Allah ya jiƙansa da rahama. Ni dai ku yi haƙuri zan ɗan taɓa inda yake ciwo. Duk waɗannan manyan da kace ka gani a maƙabarta ina suke lokacin da mutumin nan yake tura babur a titin Katsina Road da rana tsaka? Nawa ne kuɗin gyaran inji? Mu mun iya zuwa jana'iza da manyan motoci, dubiya ce take mana wuya. Ban cire kaina ba, ni ma ɗalibinsa ne.

Kuma a daina mayar da shi waliyyi, Baba yana da zafi. In ya kama ka kana tura wani a ruwa da sunan wasa ko kana gudu a bakin ful, ranar ka gama iyo, zai zaunar da kai a rana kana kallon 'yan'uwanka, ko ɗan waye kai. Akwai ɗan wani mai kuɗi da ya kora gaba ɗaya saboda ya danna kan wani yaro cikin ruwa, uban ya zo har da faɗa, Baba yace a kai shi wani wajen. Wannan zafin shi ya sa duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin an ce yaro ya salwanta a hannunsa ba. Wa zai iya wannan a cikinku? Tambayar ke nan.

Maganar aji tana da daɗin faɗa amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ruwa a ina? Masu otal alfarmar Baba suke dubawa ba taku ba, ful kuma kuɗi yake ci, ga kilorin ga dizal na injin tacewa ga mai shara. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu zai kore ku, da azumi ba mai zuwa, sai ku dawo ku tarar da rabin guruf sun yi shiru. Na ga kwamitoci irin wannan da yawa, kafin arba'in kowa zaki ne, bayan arba'in sai ma'aji ya daina ɗaga waya. In da gaske kuke kada ku tara wasu maƙudan kuɗi a hannun mutum ɗaya, ku je ku biya kuɗin ful na wata uku kai tsaye a karɓo rasit a saka a guruf, sannan a rubuta sunan wanda zai tsaya kowace Asabar. In kun yi wata ukun ba fashi ku zo ku kira ni, ni zan sayi kofin.

Ma'aikacin jinya, Sheka:

Allah ya gafarta wa Baba. Ban taɓa zama ɗalibinsa ba amma na san shi ta wajen aiki, ya taɓa zuwa da kansa yace a nuna masa yadda ake farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, dattijo da furfurarsa ya durƙusa yana danna ƙirjin roba yana tambaya kamar ɗan aji ɗaya.

Yaya na Fagge ka yi haƙuri, ni ina bayan Malam da Hajiya. Duk damina sai mun ji sanarwar 'yan kwana-kwana sun tsamo yaro ko saurayi daga kududdufi, kuma sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, wanda ya faɗa da wanda ya bi shi ceto. Kududdufan nan ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini, ba su da gangare irin na bakin kogi, taku ɗaya ruwa iya gwiwa taku na biyu ya shanye ka, ga laka a ƙasa mai riƙe ƙafa ga shara da leda. Na taɓa jin an ce wa Baba ai aljanun ruwa ne suke ja, yace shi ba ya musun aljani amma abin da ya gani da idonsa laka ce. Ban da tsargiya da yara suke kwasowa a irin ruwan nan, yaro ya riƙa fitsarin jini ana cewa balaga ce, alhali tsutsa ce da take fitowa daga dodon koɗi ta huda fata, kuma tana da magani a asibiti.

In za ku yi ajin, ku sa waɗannan a gaba da koyon gudu. Kada wanda ba a horar ba ya faɗa ruwa ceto, mai nutsewa yana da ƙarfin da ba ka zato, zai maƙale ka ku tafi tare. A miƙa masa doguwar sanda ko rawani ko igiya kana kwance a gaɓa, ko a jefa masa jarkar da ba komai a ciki a rufe. In an fito da shi a daina wannan abin da ake yi na danna ciki ko a ɗaga ƙafafu sama wai ruwa ya zubo, ɓata lokaci ne kuma amai zai iya komawa huhu. In ba ya numfashi a kwantar da shi a tauri, a hura masa iska ta baki, a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba har taimako ya zo. Ko ya farfaɗo yana magana a kai shi asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa tun 2021, kuma ta faɗo mana daidai tsakiyar damina. In dole sai an yi taron shekara da sunansa to ga rana nan. Ni zan zo in koyar da ɓangaren farfaɗowa kyauta in ba na bakin aiki.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na kwafi duk abin da kuka rubuta na tura guruf, har da na yayanmu na Kurna ban cire ko kalma ba, wasu sun ji zafi amma ba wanda ya ƙaryata.

Malam Allah ya saka da alheri, jiya bayan isha'i mu biyu muka samu ƙaninsa, kuma akwai bashin kamar yadda ka hango, ragowar kuɗin magani ne da na wani mai kayan masarufi, shi mai kantin ma da ya ji yace ya yafe rabi. An biya sauran yau da safe. Abin da ya ragu cikin kuɗin da muka haɗa za a kai wa Umma, matar Baba, a hannunta.

Manajan wajen da Baba yake aiki yace zai ba mu safiyar Asabar daga ƙarfe 7 zuwa 9 a kan rabin kuɗi, da sharaɗin kada yara su wuce goma sha biyar a lokaci ɗaya kuma manya uku su kasance a bakin ruwa, ɗaya ba ya koyarwa aikinsa kallo kawai. Yaya na Fagge ya yarda zai riƙe usur ɗin duk da yace bai janye maganar kofi ba, an bar ta sai bayan wata ukun. Hajiya dan Allah ki yi wa 'yar tasa magana in an share makoki, mu ba mu san ta inda za mu fara ba, in ta amince a ware wa ajin mata nasu kason.

Abin da muke nema yanzu tsofaffin tif na taya masu kyau, in akwai mai faci a nan ya taimaka, da jarkoki masu murfi, da wanda yake da bas ko adaidaita biyu da za su ɗebo yara daga Gwammaja da Kurna su mayar da su. Mai hali ya yi min magana ta akwatin saƙo kafin Alhamis.